Sharhi: Dambe ya kai ga DAZN, to wa zai riƙe filin kokawa a Garwa?

A ƙarshen watan Yunin 2025 kamfanin African Warriors Fighting Championship, wanda aka fi sani da AWFC, ya buɗe wata gasa a Abuja mai suna Dambe World Series, bayan ya ƙulla yarjejeniya da kafar DAZN mai haska wasanni ta intanet a ƙasashen duniya. Wasan da a da ake yi a bayan kasuwa idan an gama girbi, yau ga shi a kafa ɗaya da damben zamani da ƙwallon Turai.

Labarin bai tsaya a Najeriya ba. A Garwa da Marwa da Ngaundere, matasa a majalisa suna tura wa juna bidiyon turmi ta WhatsApp da TikTok, kuma ba wuya ka ji yaro a Hausare ko Yelwa yana gardama kan Ebola da Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello, alhali bai taɓa taka Kano ba. Sha'awar tana nan, ba a musu.

Tambayar ita ce: me ya sa yankin da ke da kokawarsa ta gado, da babban filin wasa, da 'yan kallo masu son wasa, har yau yake zaune a matsayin mai kallon na wasu? Kuma idan wani ɗan kasuwa a Garwa ya ce zai gwada, me tashin waɗannan ƙananan kamfanoni da wahalhalunsu ke koya masa?

Amsar a taƙaice ita ce, waya tana kawo suna, amma suna kaɗai ba ya biyan ɗan wasa. Kamfanin da ya tsaya da ƙafa ɗaya, walau mai talla guda ko gidan talabijin guda, ranar da aka janye ƙafar nan ya sha ƙasa.

Daga gidan dambe zuwa kamfani

Kafin zuwan kamfanoni, dambe yana da tsarin kasuwancinsa, kuma tsarin yana aiki har gobe. A gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano, ko gidan Ali Zuma a Dei-Dei kusa da Abuja, ko na Idris Bambarewa a Marabar Nyanya, ɗan kallo yana biyan kuɗin ƙofa, mai gida ya cire nasa, a sallami 'yan wasa da makaɗa. Wanda ya yi kisa mai kyau ya samu liƙi daga masoya. Lokaci zuwa lokaci a sa gasar babur ko ta mota, gari ya cika. 'Yan wasa kuma a rabe suke ɓangare-ɓangare, Kudu da Jamus da Guramada, kuma wannan rabuwar ce ke ba ɗan kallo wanda zai bi, kamar yadda mai son ƙwallo ke da kulob.

Abin da kamfanonin suka yi shi ne suka ɗauki wannan tsohon wasa suka yi masa sutura don idon kyamara. Dambe Warriors ya fara ne a 2017 a matsayin tashar YouTube da Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka buɗe, suna ɗaukar wasanni suna sakawa. A 2023 ya koma gasa mai jadawali, har Alhaji Aminu Ado Bayero ya zame masa uba. Shi kuwa AWFC, Maxwell Kalu ne ya kafa shi a 2019, ɗan Najeriya da ya tashi a Birtaniya. A farkon 2024 ya kai wani Bature ɗan Liverpool mai suna Luke Leyland Katsina ya kara da Shagon Yalo, wasan da ya ja hankalin kafafen labarai na waje.

Gyaran da suka kawo ba ƙarami ba ne. An raba 'yan wasa ajin nauyi, an daina haɗa siriri da ƙato don nishaɗin 'yan kallo kawai. An ƙayyade wa turmi lokaci, an kawo likita gefen fili, ana duba naɗin hannu kafin a shiga. Duk wanda ya san yadda ake fita da ɗan dambe a kafaɗa daga fili ba tare da ko auduga da aidin ba, ya san wannan ci gaba ne.

Sai dai kowace gyara a cikin nan kuɗi ce. Likita kuɗi, kyamara huɗu ko biyar kuɗi, fitila da janareto kuɗi, masu tace bidiyo kuɗi, jigilar 'yan wasa da masaukinsu kuɗi. Gidan damben unguwa yana iya rayuwa da abin da ya shigo ta ƙofa saboda kashe-kashensa kaɗan ne. Kamfani kuwa da zarar ya kunna fitilar nan ya riga ya wuce abin da ƙofa za ta iya biya.

Ina kuɗin yake fitowa?

Ƙofofi huɗu ne kuɗi ke shigo wa irin wannan kamfani: tikiti, talla a intanet, masu ɗaukar nauyi, da kuɗin haƙƙin haskawa.

Tikiti ba ya tsada, kuma ba zai yi ba, don masu son dambe na gaskiya su ne mahauta da 'yan acaɓa da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa. Ka ɗaga kuɗin ƙofa, su koma gidan damben unguwa inda ake wasa kullum da yamma.

Tallar intanet kuma tana da wani sirri da masu ƙirga miliyoyin kallo ba sa son faɗa. YouTube da Facebook suna biya ne gwargwadon darajar aljihun mai kallo a idon masu talla. Kallo dubu daga Amurka ko Jamus ya fi kallo dubu daga Kano ko Garwa kuɗi nesa ba kusa ba. Ga kuma masu kwafar bidiyo su yanka shi guntu-guntu su saka a shafukansu, kamfanin da ya kashe kuɗin ɗauka bai ga ko sisi ba. Shi ya sa za ka ga bidiyo ya zagaye duniya, amma asusun kamfani bai motsa yadda ake zato ba.

Saura masu ɗaukar nauyi, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Babban sunan da aka daɗe ana gani a filin AWFC shi ne Stake, kamfanin caca ta intanet. A fagen wasannin faɗa na duniya wannan ba baƙon abu ba ne, don kamfanonin caca na cikin masu sakin kuɗi da hannu biyu. Amma dambe wasa ne da gindinsa ke cikin al'ummar Musulmi. A watan Oktoban 2024 hukumar Hisbah a Kano ta rufe shagunan caca na ƙwallo da dama, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta bar wa jihohi ikon tsara lamarin. Ma'ana, kuɗin da ya fi sauƙin samu shi ne wanda ya fi wuyar karewa a gaban malamai da iyaye da gwamnatin jiha a garuruwan da wasan ya fito. Duk wanda zai buɗe fili a Garwa ko Marwa zai ci karo da wannan tambayar tun ranar farko, don shagunan cacar ƙwallo sun riga sun cika garuruwan, kuma su ne za su fara miƙo hannu.

Sai haƙƙin haskawa. Shiga DAZN babbar nasara ce ta fuskar suna, kuma tana buɗe ƙofar masu zuba jari. Amma yarjejeniyar talabijin tana da wa'adi, kuma mai haskawa ba ɗan'uwanka ba ne. Idan lissafinsa bai fita ba, sai ya ɗauke kyamararsa.

Abin da ya faru da ƙananan kamfanonin reslin

Amurka ta riga kowa ganin wannan fim ɗin. Reslin dai an san wasan kwaikwayo ne da aka tsara wanda zai yi nasara, saɓanin dambe da kokawa inda ƙarfi da dabara ke raba gardama. Amma ta ɓangaren kasuwanci ciwon iri ɗaya ne.

Kamfanin ECW ya yi farin jini sosai a shekarun 1990, yana da masoya masu kishinsa kamar ransu. A shekarar 2000 tashar TNN ta daina haska shi, kafin tsakiyar 2001 ya durƙushe da bashi. A watan Maris na wannan shekarar WWE ta saye WCW, babban abokin hamayyarta, bayan shi ma ya rasa gurbinsa a talabijin.

Labarin TNA ya fi kama da abin da muke magana. Jeff Jarrett da mahaifinsa Jerry suka kafa shi a 2002, kuma cikin 'yan watanni kuɗi ya yanke, sai da kamfanin makamashi na Panda Energy ya sayi kaso mafi tsoka ya cece shi. Daga 2005 ya samu gurbi a tashar Spike, ya yi ta girma da 'yan wasan da ya raina da kansa irin su AJ Styles. Sai kwaɗayi ya shigo. Ya ɗauko Hulk Hogan da wasu tsofaffin taurari masu tsada, a 2010 ya koma daren Litinin don ya yi gaba da gaba da shirin Raw na WWE. Cikin kusan wata biyu ya janye. A ƙarshen 2014 ya rabu da Spike, ya shiga yawon ƙananan tashoshi, taurarinsa suka watse, AJ Styles ya ƙare a WWE a 2016. Sai a 2017 kamfanin Anthem na Kanada ya saye shi ya fara farfaɗo da shi sannu a hankali.

A ɗaya gefen kuma WWE ta haɗe da UFC a 2023 ƙarƙashin kamfani guda, sannan ta kai Raw zuwa Netflix daga Janairun 2025 kan yarjejeniyar da ta kai dala biliyan 5 cikin shekara goma. Babba yana ƙara girma, ƙarami yana raina yara ana ɗauke masa.

Darasi uku ke nan a fili. Kada ka jingina da tasha ɗaya. Kada ka kashe kuɗin da ba ka da shi wajen sayen sunan da wani ya gina. Kuma kada ka je neman faɗa da wanda ya fi ka nauyi a ranarsa da filinsa. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

Nijar da Senegal: hanya biyu

A nan kusa da mu akwai misalai biyu da suka bambanta.

A Nijar gwamnati ce uwa da uba. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar takobi a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko. Jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokawa goma, gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, gidan talabijin na ƙasa yana haskawa, ƙasa baki ɗaya ta tsaya cak har a ɗaga takobi. An gina filayen kokawa a manyan biranen jihohi, an sa musu sunayen gwanaye: na Kantu a Maraɗi, na Salma Ɗan Rani a Dosso, na Langa-Langa a Damagaram. Issaka Issaka na Dosso ya ɗaga takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, kuma babu gidan da ba a san sunansa ba.

Ƙarfin wannan tsari shi ne ba ya mutuwa don wani ɗan kasuwa ya karye. Rauninsa kuma shi ne kwana goma ne a shekara. Wanda ya ci takobi ya samu doki da kuɗi da kyaututtuka, sauran da yawa su koma gona da ƙananan gasanni su jira baɗi.

A Senegal kuwa 'yan kasuwa ne ke shirya wasa, irin su marigayi Gaston Mbengue, kuma wani kwamitin ƙasa da aka kafa a 1994 ya shafe shekaru yana kula da harkar. A lokacin da kamfanonin sadarwa ke zuba kuɗin talla, ladan babban ɗan kokawa a wasa ɗaya ya kai sefa miliyan 100. Da masu tallar suka rage hannu, wasu manyan masu shirya wasa suka ja da baya, don 'yan wasa sun saba da farashin da ƙofa ba za ta iya biya ba. An buɗe katafaren filin kokawa na ƙasa a Pikine a 2018, wanda China ta gina, amma gini bai magance komai da komai ba. A Fabrairun 2025, bayan tarzomar da ta biyo bayan karawar Franc da Ama Baldé, 'yan sandan ƙasar sun janye daga ba da tsaro a wasannin kokawa na wani lokaci, harkar ta tsaya.

Arewacin Kamaru ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Babu gasar ƙasa mai nauyin takobin Nijar, babu kuma 'yan kasuwar da suka mayar da shirya kokawa sana'arsu kamar a Dakar. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka 'yan kokawarta ba sa shiga gasar kokawar gargajiya ta ƙungiyar, wadda aka yi a Abuja a watan Maris na 2025. Ƙofar da ke fito da ɗan kokawar Sokoto ko na Dakar ga idon duniya, a rufe take ga ɗan Yagwa.

Abin da Garwa ke da shi a hannu

Na farko, 'yan wasa. A yankin Mayo-Danay da gaɓar kogin Logone, kokawa a jinin Masa da Tupuri da Musgum take. A al'adar Masa samari suna fita daji da shanu su yi makonni suna shan madara, su yi jiki, su dawo ana rawa ana kokawa, gari da gari suna gwada ƙarfi. Bikin Tokna Massana yana tara Masa na Kamaru da na Chadi. Kuma da yawan 'ya'yan waɗannan ƙabilu suna zaune a Garwa da ƙauyukan noman auduga na kwarin Binuwai, inda ƙaura ta kawo su shekaru da dama. Ga kuma Hausawa da ke da kokawa da dambe a al'adarsu. Ƙasar da ta ba 'yar kokawa Annabelle Ali tutarta a gasar Olamfik ta London a 2012, kuma ta haifi Francis Ngannou, ba za a ce mata ba ta san wasan ƙarfi ba.

Na biyu, 'yan kallo. A Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, Najeriya ta buga wasa huɗu a filin Roumdé Adjia: ta doke Masar da Sudan da Guinea-Bissau, sannan Tunisiya ta fitar da ita. Mutanen Yola da Mubi da sauran garuruwan Adamawa sun tsallako iyaka sun cika filin tare da mutanen gari, har 'yan wasan Najeriya suka ji kamar a gida suke. Wannan ya nuna kasuwar Garwa ba ta ƙare a bakin gadar Binuwai ba.

Na uku, canjin kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Mai shirya wasa da ke karɓar sefa a ƙofa zai iya gayyato sanannen ɗan dambe daga Najeriya a kan kuɗin da ɗan wasan zai ji daɗinsa, shi kuma bai karye ba. Shekara goma da suka wuce lissafin bai yi wannan daɗin ba.

Na huɗu, misalin da ke gaban kowa: Coton Sport. An kafa kulob ɗin a 1986, ya lashe gasar lig ta ƙasa sama da sau 15, ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta Masar ta yi nasara a kansa. Sirrinsa ba ɓoyayye ba ne: kamfanin auduga na SODECOTON, mai hedikwata a Garwa, yana bayansa, ana biyan albashi, ana raina yara a makarantar horo. Coton Sport ya tabbatar cewa ana iya gina harkar wasa mai tsari a arewa ba sai an je Duwala ko Yawunde ba. Sai dai shi ma misali ne na ƙafa ɗaya, kuma ba kowa ke da SODECOTON a bayansa ba.

Abin da ke ɗaure mata ƙafa

Lokaci shi ne na farko. Damina tana cinye wajen rabin shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, 'yan wasa suna gona, fili a jiƙe. Maris da Afrilu kuma zafin Garwa yana haura digiri 40. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu zuwa Maris. Abin da ya rage mai kyau shi ne Nuwamba zuwa Janairu, lokacin sanyi, wanda kuma ya zo daidai da shigowar kuɗin amfanin gona da fara cinikin auduga. Kamfanin da zai biya ma'aikata wata goma sha biyu da cinikin wata uku, dole lissafinsa ya zama na mai tsantseni.

Bari mu ƙaddara mutum 2,000 suka shiga a kan sefa 500 kowanne. Miliyan ɗaya ke nan. A ciki za a biya hayar fili da kujeru da rumfa da lasifika, a sayi man janareto saboda wuta ba abin dogaro ba ce, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa-zuwa ta daina arha. A sallami jami'an tsaro da makaɗa da alƙalan wasa, a ajiye ma'aikacin lafiya da motar ɗaukar marasa lafiya, a biya motar 'yan wasa daga Yagwa ko Yola. Me ya rage wa wanda ya shiga fili ya ba da jikinsa? Ka ga inda matsalar take.

Tsaro shi ne na biyu. Tun 2014 Boko Haram ta addabi jihar Arewa Mai Nisa, kuma taron jama'a da dare ya zama abin da hukuma ke ɗari-ɗari da shi. Garwa ba ta cikin wutar, amma bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoban 2025 da zanga-zangar da ta biyo baya a garin, mahaifar Issa Tchiroma Bakary, ido ya ƙara buɗewa kan duk abin da zai tara matasa wuri ɗaya. Doka ta ce a sanar da ofishin mai mulkin gunduma kafin taro, kuma yana da ikon hanawa. Mai shirya wasan da ya riga ya biya kafin alƙalami, aka soke masa taro ana gobe, wa zai mayar masa?

Nisa shi ne na uku. Manyan kamfanonin da ke da kasafin talla, na sadarwa da bankuna da masu kayan sha, ofisoshinsu na yanke shawara suna Duwala da Yawunde. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Ngaundere, hanyar mota daga can zuwa Garwa kuma kowa ya san halinta. Wanda ke riƙe da alƙalamin talla a Duwala ya fi sanin kokawar bikin Ngondo a bakin kogin Wuri fiye da ta Mayo-Danay.

Harshe shi ne na huɗu, ko da yake wannan matsala ce mai ɗauke da alheri. Filin Garwa yana buƙatar mai sanarwa da Fulatanci da Hausa da Faransanci. Wahala ce, amma bidiyon da ke da Hausa zai shiga Najeriya da Nijar, mai Faransanci ya gangara kudu ya shiga Chadi.

To mene ne abin yi?

Wanda zai fara, ya fara da ƙarami kuma a kai a kai. Wasa kowane mako a fili ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi gagarumin biki guda a Roumdé Adjia da za a kwashe shekara ana biyan bashinsa. Abin da ya riƙe gidajen damben Kano da Abuja shekara da shekaru ke nan: ɗan kallo ya san in ya je zai tarar ana yi.

Ya fara da kokawa kafin dambe. Kokawa ce ta haɗa Masa da Tupuri da Hausawa da sauran ƙabilun yankin, raunin da ake ji a cikinta bai kai na dambe ba, kuma iyaye da sarakuna da malamai sun fi sakin jiki da ita. Dambe ya zo a matsayin baƙo na musamman, sau biyu ko uku a kaka, da sunayen da mutane suka riga suka sani ta waya.

Ya gina ɓangarori. Abin da Kudu da Jamus da Guramada suke wa dambe, da abin da jihohi takwas suke wa takobin Nijar, shi ne suna ba ɗan kallo gida. A arewacin Kamaru garuruwa za su iya yin wannan aikin: Garwa, Gidar, Yagwa, Kaele, Marwa, Ngaundere. A nan akwai buƙatar hattara. A raba da sunan gari, kowace tawaga ta haɗa ƙabilu, kada a raba da sunan ƙabila ko addini. Yankin da ya ga rikicin Larabawan Shuwa da Musgum a Logone-et-Chari a 2021 bai kamata a koya masa ihun ƙabilanci a filin wasa ba.

Ya tara masu talla ƙanana da yawa maimakon babba guda: dillalan babura, masu taki da maganin feshi, kamfanonin motocin haya, masu shagunan waya, wakilan MTN da Orange. Goma ƙanana in ɗaya ya fita, tara na nan. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma kuɗin caca, duk da sauƙinsa, zai iya jawo masa rufe ƙofofin da ya fi buƙata, ta fadar Lamiɗo da ta masallaci da ta coci.

Sannan ɗan wasa, wanda a kansa komai ya tsaya. Ƙuruciyar ɗan kokawa ko ɗan dambe gajeriya ce, shekara goma in an yi sa'a. Mafi yawansu ba su yi zurfi a boko ba, kuma takardar da za a miƙo musu da Faransanci ko Turanci take. Ya kamata a karanta wa kowa kwantiraginsa da harshen da yake ji, a gaban shaidu. A fayyace nawa ne ladansa ko ya ci ko an kayar da shi, wa zai biya asibiti idan ya karye, kuma mene ne rabonsa a bidiyon da za a ci gaba da kallo bayan ya daina wasa. Wannan na ƙarshen shi ne sabon abu. A da in an tashi daga fili wasa ya ƙare, sai abin da mawaƙi ya adana, kamar yadda Ɗan Anace ya adana sunan Shago. Yau faɗuwar mutum tana nan a intanet har jikokinsa su gani, kuma wani yana karɓar kuɗin talla a kanta.

A nan ne hukumar kokawa ta ƙasa da ofishin ma'aikatar wasanni na jiha da majalisun jihohi, waɗanda suka fara aiki bayan zaɓen Disamban 2020, suke da rawar takawa. Ba sai sun zama 'yan kasuwa ba. Su ba da fili mai katanga a farashi mai sauƙi, su horar da alƙalan wasa, su wajabta gwajin lafiya da ma'aikacin jinya a kowane taro, su kuma sa ido kan kwantiragi. Gidan rediyo da talabijin na CRTV da ke Garwa ya ba da gurbi ko na awa ɗaya a mako.

Kamfanonin Najeriya sun nuna cewa duniya za ta kalli wasanmu idan aka ɗauke shi da kyau. Nan gaba kaɗan za su fara neman sabbin fuskoki da sabbin kasuwanni, kuma Garwa ba ta da nisa da Yola. In suka iso suka tarar da gasa mai tsari da 'yan wasa masu takarda a hannu, za a zauna a yi ciniki. In kuwa suka tarar ba kowa, za su zaɓi ƙarfafan samarin Mayo-Danay su tafi da su, mutanen Garwa su ci gaba da sayen data suna kallon 'ya'yansu a filin wasu.